Allon farashin aya a shafin mutane: yadda muka kwashe da yaran da suka yi mana aikin

Ni ba ɗan kasuwa ba ne, mushe ne, wato malamin makaranta. Shekara 31 na yi ina shan ƙurar alli tsakanin Tasawa da Dakwaro kafin in ajiye aiki in dawo Maraɗi, inda yayana Alhaji ya ba ni tebur da kujera a bakin mangazarsa nake riƙe masa lissafi. Aya muke saye, manya da ƙanana, sai riɗi, sai wake in shekara ta yi kyau. Ayar daga wajen Agye da Cadawa da Gazawa take shigowa. Wata ta tsaya Kano, wata ta bi jirgin ruwa har Sipaniya, inda mutanen Balansiya ke da nasu kunun aya da suke ji da shi kamar yadda muke ji da fura. Na faɗi wannan ne don a san bakin wa ake ji. Ban taɓa rubuta layi ɗaya na aikin kwamfuta ba. Kuɗi na biya, aka yi mini aiki, na zauna a kan masu aikin har na gane abin da na saya.

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, masu biyowa ta Ɗan Isa su damƙi aya su tauna kafin su yi ciniki suka koma kira, kuma ko da hanya ta buɗe ba su daina ba. Salular Alhaji ba ta hutawa tun daga asuba, tambayar kuma ɗaya ce: nawa buhu yau? Ɗansa da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne ya kawo shawara. Ya ce kar mu ɓata kuɗi wajen buɗe babban shafi, don ba wanda zai tashi takanas ya zo shafin mangazar aya. A yi mana ɗan allon farashi wanda za a dasa cikin shafin wasu, inda mutane suka riga suka saba zuwa. In na canza farashi daga salulata, ya canza ko'ina lokaci guda. Wuri uku suka yarda su sauke mu: wani dillalinmu na Kano, wata ƙungiyar masu motocin kaya a Yamai, da wani gidan rediyo na nan yankin.

Ofishin da yaron ya kai ni ɗaki ɗaya ne a unguwar Zariya, saman shagon wani tela. Ba zan kama sunansu ba, don abin da zan faɗa akwai zuma akwai maɗaci, garin kuma ƙarami ne. Mai bukata ya same ni mangaza in yi masa kwatance. Mutum biyu ke aikin. Akwai saurayi, shi ne mai wurin, a Yamai ya yi karatu, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Sai wata budurwa mai gilashi da ba ta cika magana ba, wadda daga baya na gane ita ce ginshiƙin ɗakin. Suna da faifan sola biyu da batir, saboda haka ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ba ta tsayar da su, kuma duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muka yi ciniki jaka 150 na sefa, rabi a hannu, rabi in aiki ya ƙare. Sati biyu, in ji shi. Takarda ba mu rubuta ba. Wannan laifina ne, ni da na tsufa ina ce wa yara su rubuta.

Ranar da suka kira ni in gani, wallahi abin ya burge ni. Jeri uku gefe da gefe, aya, riɗi, wake, kowanne da farashin buhu da na tiya, ƙasa kuma ga maɓalli kore da ke buɗe WhatsApp kai tsaye zuwa lambar mangaza. Nan take na biya sauran kuɗin. Suka tura wa masu masaukinmu ƴan layukan da za su liƙa a shafinsu.

Bayan kwana biyu, da la'asar, dillalin Kano ya kira. Bai bari gaisuwa ta ƙare ba. "Malam, me kuka saka mini a shafi?" Ya turo hoto. Allonmu ya fito, amma maɓallin nan ya kumbura ya koma ja irin launin shafinsa, rubutun ciki ya hau kan juna. Wannan da sauƙi. Abin da ya tayar masa da hankali nasa kayan ne: duk teburan da ke shafinsa sun ɗauki ratsin kore irin namu, kanun bayanansa sun ƙanƙance. Mun je baƙunci mun sake wa maigida fenti. A Yamai wata cutar ce daban, rubutun allon ya zama kamar ƙwayar riɗi, sai an kanne ido. Mai kula da shafin rediyo kuwa ko liƙawa bai yi ba, ya ce shi ba ya saka umarnin wani a cikin gidansa. A lokacin na ji haushinsa. Yanzu na san shi ne ya fi mu hankali.

Na hau kabu-kabu na tafi ofishin. "Ɗana, wanga aiki ne ko wasa?" Ya fara kame-kame, wai shafin mutumin Kano ne ba a gina da kyau ba. Budurwar ta ɗago kai ta ce, "Mushe, laifinmu ne. Ku zauna in nuna muku." Na zauna, kuma zaman nan ne ya sa nake iya wannan rubutun.

Shafin intanet, in ji ta, abu biyu ne aka haɗa. HTML shi ne ginin: nan kai, nan tebur, nan maɓalli. CSS kuma shi ne shafe da fenti da awo: maɓalli ya zama kore, faɗinsa kaza, tazararsa kaza. Wani ɗan ƙasar Norwe, Håkon Wium Lie, ya kawo shawararsa a 1994 yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba, inda aka haifi yanar gizon kanta, aka tabbatar da shi a ƙarshen 1996. Amfaninsa shi ne doka ɗaya ta hau kan shafi gaba ɗaya. Ka ce "duk tebur ya yi ratsin kore", shi ke nan, ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba. To amfanin nan ne ya cuce mu, don dokar CSS ba ta san iyakar gona ba. In an zuba dokokinmu a shafin wani, tukunya ɗaya suke shiga da nasa, "duk tebur" kuma ya haɗa da teburansa.

Maɓallin kuwa rikicin suna ne. Sun raɗa masa btn, sunan da ya zama ruwan dare saboda wani tarin dokoki da ake kira Bootstrap, wanda ma'aikatan Twitter suka fitar a 2011, da shi yake kiran maɓallansa. Shafin dillalin da WordPress aka yi shi, wata manhajar gina shafi, rigar adon da ya sa masa kuma a kan Bootstrap aka ɗinka ta. Na tuna aji mai yara biyu masu suna ɗaya, ka kira ɗaya biyu su miƙe. In doka biyu suka yi karo a kan abu ɗaya, wadda ta fi ƙayyade wanda take nufi ita ke ci, in kuma sun yi kunnen doki sai wadda ta zo daga baya. Tasa ta ci a launi, tamu ta ci a wani wurin, aka haifi ɗan da bai yi kama da kowa ba.

Na Yamai ne ya ba ni dariya da na gane shi. Sun auna rubutunmu da wani ma'auni da ake kira rem, wanda ba shi da tsayayyen girma, yana bin abin da mai shafi ya yanka wa gidansa gaba ɗaya. Yawanci rem ɗaya fiksel 16 ne, fiksel kuwa ɗan ɗigon da ake auna gilashin na'ura da shi ne. Amma akwai masu gina shafi da ke sauke shi zuwa 10 don lissafi ya yi musu sauƙi, na Yamai yana cikinsu. An ce a auna tiya goma, ba a tambayi tiyar wane gari ba. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a ƙauye ya kawo birni ya san wannan ciwon.

Nan ƙorafina na farko yake, kuma shi ne babba. Wannan ba ilimin ɓoye ba ne. Ita ta sani, har ta faɗa masa tun farko, ya ce ba lokaci. A farin shafi suka gwada allon, inda ba kowa sai shi, alhali abin da na saya tun asali baƙo ne, a gidan wani zai kwana. Suka karɓi kuɗi suka tura wa mutanen da muka shekara goma muna gina amana da su.

Magani uku ta lissafa, kuma kwana biyu suka yi suna musu a kansu ina zaune ina shan shayinsu. Na farko, a sa wa kowane suna namu laƙabi a gaba wanda ba wanda zai yi irinsa, a kuma daina dokar "duk tebur". Akwai tsarin raɗin suna da kamfanin Yandex na Rasha ya fito da shi, BEM, inda sunan abu ke faɗin gidansu da matsayinsa, kamar a ce wane ɗan wane na unguwa kaza. Wannan yana hana mu ɓata wa maigida kaya. Amma ba ya hana dokokinsa shigo mana, don in shi ya ce "duk tebur", namu ma tebur ne.

Na biyu shi saurayin ke so, don ya fi sauƙi. Ifirem sunansa. Taga ce ake hudawa a shafin mutum, ta cikinta ana hango wani shafi daban da ke zaune a wurinmu. Tsohuwar dabara ce, tun shekarun 1990 ake yin ta. Ba dokar da ke tsallakawa, ko shiga ko fita, kamar kwantenar da ake ajiyewa a ƙofar gida a yi shago: bangonta daban, makullinta daban. Aibinta, tagar ba ta san tsawon abin da ke cikinta ba. In mai shafi ya yanka mata tsawo kaza, ranar da na ƙara gujiya a jerin sai ƙasan ya yanke, maɓallin WhatsApp ya ɓuya, mutum ya koma jan yatsa cikin taga cikin shafi. Ana gyara wannan da ɗan saƙon da na ciki ke aika wa na waje yana faɗin tsawonsa, amma sai mai shafi ya yarda an sa masa umarnin da zai karɓi saƙon.

Na uku ita ta kafe a kansa. Shado dom suke ce masa, ni na raɗa masa ɗakin inuwa. Allon yana zaune cikin shafin mutum sosai, yana miƙewa yana taƙurewa tare da shi, amma an zagaye shi da danga: dokokin ciki ba sa fita, na waje ba sa kama sunayen ciki. Chrome da Safari sun karɓe shi tun 2016, Firefox a 2018. Sai dai dangar tana da kafa ɗaya, gado. Salon rubutu da launinsa da tazarar layi suna gangarowa daga uwa zuwa ɗa ko da danga. Saboda haka a bakin kafar ta sa doka ɗaya mai share duk abin da aka gada, sannan ta fara namu daga tushe. Rem ma danga ba ta tare shi, sai ta cire shi gaba ɗaya, ta yanka wa allon girman rubutun kansa, sauran awo suka bi wannan.

Kano da Yamai aka ba su ɗakin inuwa. Rediyo aka yi musu taga mai tsawon da zai ɗauki kaya biyar, aka caje ni ƙarin jaka 25, abin da har yau ban ga dalilinsa ba tunda rediyon na cikin cinikin farko. Ga masu salular da allon ba zai tashi a kanta ba, irin tsofaffi ƙwarai ko masu Opera Mini da ke matse shafi kafin ta aiko shi don a rage cin kiredi, ta bar layi ɗaya na rubutu zalla: latsa nan ka ga farashin yau. Mutumin Norwen nan da ya kawo CSS, a kamfanin Opera ya yi shekaru yana shugabancin sashen fasaha. Duniya ba ta da faɗi.

Sai batun faɗin wuri, wanda ni na gano shi, kuma ba zan ɓoye ba ina alfahari. Na je buga takardu wurin wani mai kwamfuta, na ce ya buɗe mini shafin Yamai in gani a babban gilashi. Sun sa allonmu a wani ɗan lungu na gefen dama da bai wuce fiksel 300 ba. A salula lafiya lau yake fitowa, jeri ɗaya sama da ƙasa. A kwamfuta kuwa sai jeri ukun suka cushe cikin lungun, farashi ya karye gida biyu, rabi sama rabi ƙasa. Da na kai mata hoton ta dafe kai. Dokar tana tambayar faɗin gilashin na'ura ne, ba faɗin wurin da aka ba mu ba. Gilashi ya ce ni babba ne, sai allon ya baje kamar shi ke da gidan. Dabarar tambayar gilashi ita ake koyarwa tun wajen 2010, kuma daidai take ga mai shafin kansa. Baƙo kuwa ɗakin da aka sauke shi zai auna kafin ya shimfiɗa tabarma. Akwai sabuwar doka mai yin haka, ta shigo Chrome da Safari a 2022, Firefox a farkon 2023.

Na ce, "Ɗiyata, masu salular shekara shida fa, irin ta yaran mangaza da ba a taɓa sabunta ta ba?" Amsarta ce ta sa na yarda yarinyar ta san aikinta. Jeri ɗaya ta fara ginawa a matsayin tushe, wanda kowace na'ura ke ganewa. A kansa ta ce in wuri ya kai fiksel 480 a yi biyu, in ya kai 720 a yi uku. Na'urar da ba ta san sabuwar dokar ba tsallake ta take yi, ba ta lalacewa, sai ta zauna a jeri ɗaya. Ba ado, amma ana karantawa.

Na ce ta buɗe mini takardar dokokin in gani ko da ban iya karatunta ba, don malami yana gane littafin yaro mai tsabta ko da ba darasinsa ba ne. Ta farko, wadda saurayin ya yi, zube take, cike da wata kalma da ake maƙala wa doka don ta danne sauran da ƙarfin tsiya. Na ƙirga ta sau 40 da wani abu na gaji. Ta ce duk inda aka ga kalmar nan da yawa, mai aikin ya kasa sasanta dokokinsa ne ya koma tsawa. Tata kashi huɗu ce, kowanne da kai: share gado, sai launuka da ma'aunai kowanne da sunansa a wuri ɗaya, sai shimfiɗar jeri, sannan kayan ɗaya-ɗaya. Launukan nan masu suna suna iya tsallaka danga, kuma da gangan ta yi amfani da hakan. Ta bar wa mai shafi abu uku da zai iya canzawa ba tare da ya kira mu ba: launin maɓalli, launin bango, da zagayen kusurwa. Dillalin Kano ya mayar da maɓallin ja, da hannunsa wannan karon, ya huce.

Inda muka yi faɗa na gaske shi ne ƙugiya. Na koyar a makarantun da ake fara wa yara karatu da Hausa, kuma ba zan sa hannu a allon da ke rubuta ridi a maimakon riɗi ba. Saurayin ya zaɓo wani salon rubutu mai ƙayatarwa daga intanet wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ. In salo ba shi da harafi, na'ura takan aro shi daga wani salon, sai ka ga ɗ a tsakiyar kalma ta fi ƴan'uwanta kauri ko tsawo, kalmar tana ɗingishi. Maganinsa wai a cire ƙugiyoyin, ai kowa zai gane. Na ce, "Ɗana, baƙi da baki ɗaya ne wurinka?" Ya yi shiru. Rubutun nan yana da ƙa'ida, a Nijar tun 1999 aka tsayar da ita a hukumance, kuma mu ƴ muke rubutawa inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa waƙafi a gaban y. A 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ba a wannan zamanin za a guntule mata haruffa don ado ba. Na kawo shawarar Andika, salon da ƙungiyar SIL ta yi don masu koyon karatu, yana da duka haruffan. Budurwar ta ce yana da kyau, amma duk salon da aka ɗauko daga waje nauyi ne mai karatu zai sauke da kiredinsa, kuma daga cikin ɗakin inuwa ba a iya shigo da salo, sai an sanar da shi a shafin maigida. Muka tsaya a kan salon da kowace salula ta zo da shi. Ta gwada a Tecno, Itel, Samsung, dillalin Kano ya gwada a iPhone ɗinsa, ƙugiyoyin suka fito daidai, manya da ƙanana.

Alhaji ne ya yi gwajin ƙarshe ba da saninsa ba. Tsakar rana a bakin mangaza na miƙa masa salula. Ya ɗaga, ya karkata, ya yi mata inuwa da hannun riga, ya ce, "Mushe, mi aka rubuta nan?" Farashin tiya da ruwan toka suka yi shi a kan fari, abin da ke da kyau a ɗaki mai labule. Ashe har wannan akwai ma'auninsa: ƙa'idar da W3C, hukumar da ke tsara dokokin yanar gizo, ta fitar ta ce bambancin hasken rubutu da bangonsa kar ya gaza 4.5 bisa 1. Aka mayar da shi baƙi. Yatsan Alhaji kuma, yatsan wanda ya shekara arba'in yana ɗaure bakin buhu, sau uku yana kuskure maɓallin. Google kan ce abin latsawa ya kai fiksel 48 tsawo da faɗi, aka ƙara masa har ya wuce haka. Nauyin allon gaba ɗaya ya sauko daga kilobait wajen 900 zuwa ƙasa da 30 bayan an cire salon rubutun da hotunan buhuna da ba wanda ya roƙa. A kasuwar Cadawa, inda rezon waya ke zuwa yana komawa, na buɗe shi ya tashi kafin in gama gyara gilashina.

Akwai abin da dukanmu muka manta, kuma shi ya fi cin kuɗi: kwanan wata. Na tafi biki Madarunfa kwana huɗu ban taɓa allon ba, aya kuwa ta motsa. Wani mai saye ya ga tsohon farashi ya ɗauka na ranar ne, ya turo mota. Alhaji bai so a ce maganar gidansa biyu ce, ya raba asarar da shi, ni kuma na sha kallon da ban sha ba tun ina yaro. Yanzu rana da awa suna saman allon, kuma in ya kwana biyu ba a taɓa shi ba farashin kan dushe, rubutu ya fito: kira ka tabbatar. Wannan kyauta suka yi mini, cikin yini ɗaya, ba gardama. Na ba su wannan.

Sauran ƙorafin a taƙaice. Sati biyu ya zama bakwai. Saurayin in aiki ya cije ba ya ɗaukar waya, sai ka hau kabu-kabu ka je ka same shi zaune salular na gabansa. Takardar bayanin da suka rubuta wa masu liƙawa da Faransanci kaɗai take, dillalin Kano bai gane komai ba, ni na zauna na mayar da ita Hausa, ban ga an rage mini ko dala ba. Jimilla jaka 175 na kashe, da jaka 5 duk wata na wurin ajiya da kulawa. Da za a tambaye ni ko aikin ya kai kuɗin, wanda ke hannuna yanzu ya kai. Wanda aka fara ba ni bai kai rabi ba.

Mai son irin wannan aiki a Maraɗi zan iya tura shi wurinsu, da sharaɗi. Ya rubuta takarda. Ya faɗa musu tun ranar farko shafukan da za a dasa abin, ya ce a can za a gwada, kuma kar ya saki sauran kuɗi sai ya gani da idonsa a shafin mai masaukin, a salula da kwamfuta, a rana da inuwa. Ya kuma ce budurwar ce za ta riƙe aikin. Ina fatan mai wurin ya san abin da yake da shi kafin wani ofishi a Yamai ya sani.

Kira ya ragu, amma ba kamar yadda ɗan Alhaji ya yi mana alkawari ba. Sababbin masu saye suna duba allo su turo saƙo. Tsofaffin abokan ciniki kuwa suna dubawa, sannan su kira su ce, "Alhaji, na ga na allo, to ni nawa za ka bar mini?" Dillalin Kano yanzu yana so a ƙara layin naira kusa da na sefa. Budurwar ta ce wurin yana nan, ta bar masa fili tun a shimfiɗa. Alhaji ne bai yarda ba tukuna, ya ce canji kan motsa sau biyu kafin azahar, kuma ba ya son a sake turo masa mota.